Ba A Musu Da Sharaɗi

"Ki danna mana, Lesi! Tun ɗazu kin zuba wa allon nan ido kamar za ki cinye shi," in ji ƙawarta Tegan.

Lesieli ba ta ɗago ba.

Tana zaune a teburin ƙarshe na laburaren garin Mildura a ƙasar Ostareliya, da shuɗiyar rigar aikinta ta gidan kula da tsofaffi a jiki. Tun shida na safe take tsaye. Ta yi wa tsofaffi tara wanka, ta ba huɗu abinci a baki, wata ma ta watsa mata shayi a ƙirji. Ƙafafunta sun kumbura sun cika takalmi, bayanta kamar ba nata ba.

Agogon bango ya nuna huɗu da minti biyar. Ƙarfe biyar daidai za a rufe shafin zaɓen makaranta.

Makarantun likitanci shida ne jere a allon kwamfutarta. Ƙa'idar ba ta da wuyar ganewa. Ka jera su daga wadda ka fi so zuwa wadda ba ka damu da ita ba. In makinka ya kai, wuri ɗaya tak za a ba ka, mafi sama a jerinka da ya yarda ya ɗauke ka. Da zarar biyar ta buga, ko hawayen jini za ka yi ba a canza maka.

Sati uku da suka wuce Melbourne ce a sama. Ita da saurayinta Renzo suka rubuta tare, a kan teburin nan, yana riƙe da hannunta.

Yau Adelaide ce ta ɗaya. Melbourne ta faɗo ta shida.

"Na san da zafi," in ji Tegan, ta dafa kafaɗarta. "Amma gara da kika ji daga bakina. Mamansa da kanta ta gaya mini, Perth ya sa a sama. Wai ya gaji, yana so ya yi nisa da... kin dai gane."

"Da ni."

"Haba, ni ban ce haka ba!"

"Ai ba sai kin ce ba."

"To ni ma dai Perth na sa, kin san yayata tana can. Kada ki ga kamar..."

"Ban ga kamar komai ba, Tegan. Na gaji ne kawai."

Ta danna.

Allon ya rubuta mata cewa an adana jerinta, kuma tana iya gyarawa har zuwa ƙarfe biyar. Ta kifa kanta a kan hannuwanta. Ko kukan ma ba ta da ƙarfin yi.

*

Wannan ne karo na uku da Lesieli ta zauna jarrabawar shiga makarantar likitanci, wadda masu digiri ke yi. Karo na farko ta faɗi warwas. Na biyu ta kusa, kuma duk wanda ya taɓa kusa ya san ya fi faɗuwar ciwo. Abin da ke kayar da ita kullum shi ne tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa, irin waɗanda za a tara maka mutanen ƙarya da rigimarsu a ce ka raba musu gardama cikin minti biyu.

A kan irin tambayar nan suka haɗu da Renzo, bara da sanyi.

Tana karantawa a fili don haushi. "Ɗalibai biyar na neman ɗaki biyar, kowa ya jera zaɓinsa. Na farko ya fi son ɗakin sama a kan na kusa da kicin. Na biyu ba ya maƙwabtaka da na huɗu. In na uku ya samu zaɓinsa na biyu, wa zai kwana kusa da banɗaki?" Ta yar da biro. "Kai! Me zai hana su zauna su yi magana kamar mutane?"

Wani ya yi dariya a bayanta.

"A jarrabawa ba sa magana," ya ce. "Shi ya sa ake neman mu."

Ta juyo ta gan shi, dogo, da jan ƙasa a takalminsa da littafi irin nata a hammata. Ta gane shi nan take. Renzo Pellegrino ne, ɗan masu gonar inabin Red Cliffs, inda mahaifinta, Baba Kelepi, ya shekara goma sha tara yana tsinka. Shi kuma karo na biyu ke nan yana zama, don ba ya so ya ƙare rayuwarsa a bayan tarakta.

Ya ja kujera ba tare da an ce ya zauna ba.

"Dokoki uku ne kawai, Likita."

"Ni ba likita ba ce."

"Saura ƙiris. Ta ɗaya, ki zana gidaje a takarda, kada ki riƙe komai a ka. Ta biyu, ki fara cike abin da kika tabbatar. Ta uku kuwa ita ce babba. Ba a musu da sharaɗi. In sun ce na biyu ba ya zama kusa da na huɗu, kada ki tambayi dalili. Abin da aka ba ki, shi ne gaskiya."

"Ko da shirme ne?"

"Musamman ma in shirme ne."

Wata goma suka yi a teburin nan, kullum daga uku zuwa rufewa. Ya kawo mata taliya a kwanon mamansa, ta kawo masa ganyen gwaza da naman tunkiya da ruwan kwakwa na ranar Lahadi. In barci ya sace ta a kan littafi, sai ya juya mata shafi ya jira. Ba ta san ranar da ta fara son sa ba. Ta dai wayi gari wata rana ta ga in ƙarfe uku ta yi bai shigo ba, ba ta iya karanta ko layi ɗaya.

Tegan ta shigo cikinsu daga baya. Tare suka yi makaranta da Renzo tun suna yara, gidansu na kusa da gonar, kuma mamansa na ji da ita kamar 'yar cikinta. Mai fara'a ce, mai kuma ajiye takardar komai. Lesieli ta ɗauke ta ƙawa.

Sakamako ya fito, dukkansu uku makinsu ya yi kyau. Ranar Renzo ya ce, "Melbourne, zuciyata. Ke da ni. Shekara huɗu na wahala, amma a gari ɗaya."

"In suka raba mu fa?"

"Ba za su raba mu ba. Na zana gidajen, na duba sau uku."

Sai dai bai zana Gwaggo Hulita ba.

Duk wanda ya san mutanenmu na tsibirin Tonga ya san babu wanda ya kai yayar uba girma a gida. Uban ma da kansa ƙasa yake da ita. In ta shigo ɗaki ya gyara zama, in ta yanke magana ya haɗiye tasa. Gwaggo Hulita kuwa ba ta wasa da wannan kujera. Daga Adelaide ta taso a mota, awa huɗu da ɗoriya, don kawai ta ji an ce ɗan Pellegrino zai zo cin abincin rana bayan coci.

Renzo ya zo da farar riga da kwandon inabi. Gwaggo tana zaune a tsakiyar falo da tabarmar ado ta al'ada ɗaure a ƙugu. Ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Kai ne ɗan mai gonar?"

"Ni ne, Gwaggo."

"Ban zama gwaggonka ba tukuna. Ka san ƙanena?"

"Sosai ma. Shi ya koya mini riƙe almakashin inabi."

"Shekara nawa ya yi muku?"

"Goma sha tara."

"Sau nawa aka ce masa ya shigo cikin gidanku?"

Renzo ya dubi Baba Kelepi.

Baba Kelepi ya sunkuyar da kai. "Yaya, ai ba komai, a baranda ma akwai inuwa..."

"Kelepi, ba da kai nake ba." Ta juya ga Lesieli. "'Yar ƙanena ba za ta shiga gidan da aka bar ubanta a baranda yana cin abinci a cinya ba. Adelaide za ki sa a sama, ki zauna a wurina. Na gama."

Daga nan ta miƙe ta ce Renzo ya raka ta mota, tana da magana da shi. Minti biyar suka yi a waje. Bai dawo cikin gidan ba.

Tun daga ranar Lesieli ba ta sake jin muryarsa ba.

Ta kira, ba ya ɗauka. Ta tura saƙo, shiru. Kujerarsa a laburare ta zauna babu kowa. Sati na farko ta yi fushi, na biyu ta yi kuka, na uku sai gajiya ta danne duka biyun. Da Tegan ta zo da labarin Perth, Lesieli ta yi abin da aka koya mata. Ta ɗauki takarda ta zana gidaje. Sharaɗi na ɗaya, ya daina magana. Na biyu, ya sa Perth. Na uku, Tegan ma ta sa Perth. Cikin minti ɗaya amsa ta fito tsaf, babu ko kuskure: Renzo ya bar ta. Ba ta tsaya tambayar komai ba, ai ba a musu da sharaɗi.

Melbourne kuwa ba za ta iya zuwa ita kaɗai ba. Kowane titi sai ya tuna mata da shi.

*

"Bari in buga nawa in ajiye," in ji Tegan, ta miƙe. "Ki duba mini jakata, zan shiga banɗaki."

Na'urar buga takarda tana daf da gwiwar hannun Lesieli. Ta yi 'yar ƙara, ta turo takarda ɗaya, takardar ta zame ta faɗo a kan takalminta.

Ta sunkuya da ƙyar ta ɗauka. Ba ta yi niyyar karantawa ba.

Sunan Tegan a sama. A ƙarƙashinsa, lamba ta ɗaya, Melbourne.

Perth tana ta biyar.

Lesieli ta ji kanta ya yi dum. Ta sake karantawa. Wata goma ba su tafi a banza ba, hannunta da kansa ya jawo takardar gidajenta. Renzo ya sha gaya mata, in sharaɗi biyu suka yi karo, to ɗaya daga ciki ba daidai aka kwafo ba. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Na biyu daga bakin Tegan ya fito. Na uku ma daga bakin Tegan.

A jarrabawa, wanda ya rubuta sharuɗɗan ba ya cikin masu neman ɗaki. A nan kuwa mai ba ta sharaɗin tana zaune kusa da ita tana neman ɗakin sama.

"Lesi, takardata ce wannan!"

Tegan tana tsaye, fuskarta ta yi ja.

"Perth ɗin ke nan?" Lesieli ta ɗaga takardar.

"Na... na canza ne yanzu-yanzu."

"Me ya sa?"

"Ina ruwanki? Kowa ba zaɓinsa yake yi ba?"

"Me Renzo ya sa a saman jerinsa?"

Tegan ta fizge takardar. Muryarta ta sauka, fara'ar nan duk ta gudu. "Tun muna shekara shida na san shi. Ke wata goma. Danginki ba sa son shi, mamansa ba ta son ki. Taimakon ku na yi, ku duka biyun. Ki je Adelaide ki huta, dube ki fa, ko tsayuwa ba kya iya yi."

Gaskiya ne, da ƙyar ta miƙe. Ko zagi ba ta tsaya yi ba, ba ta da lokacinsa.

Tana iya mayar da Melbourne sama a nan take. Amma amsa biyu ce ta rage a takardar. Ko dai Renzo ya sa Melbourne yana jiran ta, ko kuwa ya sa Melbourne shi da Tegan. In na biyun ne, ta saɓa wa Gwaggo a banza, ta kuma je ta shekara huɗu tana kallon su a aji ɗaya. Babu wani zanen gidaje da zai raba mata wannan.

Ta kira lambarsa. Ta yi ta ƙara har ta katse.

Huɗu da minti ashirin da biyu.

Ta ɗauki mukullin motarta.

*

Hanyar Red Cliffs ta san ta tun tana ƙarama, lokacin da take raka Baba a hutun makaranta. Sanyi ya fara shigowa, ganyen inabi ya yi ja yana zuba. Wata babbar motar lemo ta tare mata hanya kusan rabin tafiyar, tana bin ta a baya tana cizon leɓe. Huɗu da minti arba'in da huɗu ta tsaya a ƙofar gidan Pellegrino.

Ga barandar nan. Ga dogon bencin da Baba ke zama.

Renzo yana gefen rumfa yana sauke kaya daga a-kori-kura. Da ya gan ta kwalin hannunsa ya faɗi. Ya rame, gemu ya cika masa fuska.

"Me ka sa a sama?" Ko gaisuwa babu.

Ya taho da sauri, sai ya tsaya cak. Ya ɗora hannu a bakinsa. Ya nuna agogon hannunsa, ya ɗaga yatsu biyar.

"Renzo, kada ka yi mini wasa! Melbourne ko Perth?"

Idanunsa suka cika da hawaye. Ya girgiza kai, ya sake nuna agogon.

"Ba za ka yi magana ba? Sati uku! Sati uku ina kira kamar mahaukaciya! In ka gaji da ni ka faɗa, ni ma na gaji! Na gaji da karatu, na gaji da aiki, na gaji da lissafa abin da ke ranka..."

Muryarta ta karye.

"Wace ce ke mini ihu a ƙofar gida?"

Maman Renzo ce, Madam Carmela, tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu. Gajeruwa ce, amma muryarta na kai wa ƙarshen gona. Ta gane Lesieli, ta taɓe baki.

"Au, ke ce. Kin zo ki ga aikin da gwaggonki ta yi?"

"Gwaggo?"

"Ita ta ɗaure masa baki mana! Ta ce in da gaske yake, kada ya yi miki magana, ba waya, ba saƙo, ba rubutu, ba aike, har sai an rufe jerin nan naku. Wai ki zaɓa babu muryarsa a kunnenki. Shi kuma wawan ya rantse mata! Na ce masa wace irin doka ce wannan? Ya ce wai ba a musu da sharaɗi. Sati uku yana zagaya mini gida kamar kazar da aka jiƙa, taliyata ma ba ya ci."

Lesieli ta dubi Renzo. Ya sunkuyar da kai.

"Amma Mama... ke kika ce wa Tegan ya sa Perth."

Ludayin ya tsaya a sama.

"Ni?"

"Haka ta ce."

"Ni na ce Perth? Ni Carmela?" Ta dafe ƙirji. "Yarinyar da nake ba miya a kwalba duk sati ita ce za ta sa mini magana a baki? Ki saurara, 'yar nan. Ban ɓoye miki ba, ba ke na so wa ɗana ba. Amma ban taɓa yi wa kowa ƙarya ba, kuma ba za a yi da sunana ba. Takardarsa tana manne a jikin firjina, kullum na buɗe in ɗauki madara sai ta ɓata mini rai. Je ki gani da idonki!"

Lesieli ta taka matakala uku na barandar. A bakin ƙofa ta tsaya.

Ƙafarta ta ƙi wucewa.

"Me kuma?" in ji Madam Carmela. "Lokaci na tafiya!"

"Ba a ce in shigo ba."

"Ƙofa a buɗe, sai an ce?"

"Babana ya shekara goma sha tara a bencin can, Mama. Ƙofar a buɗe take duk lokacin."

Tsohuwar ta dubi bencin. Ta daɗe tana kallon sa, kamar yau aka ajiye shi. Wuyanta ya yi ja har kunne.

"Ni na ɗauka shi ya fi son waje," ta ce a hankali. "Ban taɓa tambaya ba."

Ta matsa gefe.

"Shigo, 'yata. Shigo."

Kicin ɗin na ƙamshin tumatir da tafarnuwa. Takardar tana jikin firji, an danne ta da ɗan maganaɗisu mai siffar lemo. An buga ta tun sati uku da suka wuce, gefenta har ya yi maiƙo.

Ta ɗaya, Melbourne.

A ƙasa, da bironsa, ya rubuta: "An duba sau uku. Ba canji."

Huɗu da minti hamsin da uku.

Ta ciro waya. Babu sabis, ko layi ɗaya.

"A nan ba ya kamawa," in ji Madam Carmela. "Sai kan tankin ruwa. Kai, bebe, kai ta!"

Renzo ya kama hannunta suka fita da gudu ta ƙofar baya. Ya riƙe tsani, ta hau da kumburarrun ƙafafunta, ta zauna a kan murfin tankin, iska mai sanyi na dukan ta. Layi biyu suka fito. Shafin ya yi ta juyawa, ya yi ta juyawa, sannan ya buɗe.

Ta ɗora yatsa a kan Melbourne.

Sai ta ji muryar Gwaggo a kunnenta. Na gama.

A danginsu kaf ba a taɓa jin wanda ya tsallake wannan kalma ba. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ba ta ji ko a ɗakin jarrabawa ba. Ta leƙa ƙasa. Yana nan riƙe da tsanin da hannu biyu, ya ɗago kai, bakinsa a rufe gam. Ko yanzu bai roƙe ta ba.

Ta ja Melbourne sama. Ta danna.

An adana. Huɗu da minti hamsin da takwas.

Ba ta sauko ba. Ta zauna tana kallon agogon wayar, shi yana kallon na hannunsa. Minti biyun nan sun fi sati ukun tsawo.

Biyar ta buga.

"Lesi!" Muryarsa ta fito a dishe. "Lesi, masoyiyata, ki yafe mini! Sau ɗari na ɗauki waya na ajiye. Na ce in na karya alkawarin farko da na yi wa danginki, da wane ido zan nemi na biyu?"

"Kai wawa ne, Renzo."

"Na sani."

"Saura minti biyu da ka rasa ni."

"Na sani, zuciyata. Sauko."

"Ba zan iya ba. Ƙafafuna sun mutu."

Sai da ya hau ya sauko da ita. Ta kifa kai a kafaɗarsa ta yi kukan da ta kasa yi a laburare, shi ma yana yi, Madam Carmela na leƙe ta taga tana cewa miya za ta huce.

*

Washegari da rana ta kira Gwaggo. A tsaye ta yi wayar, ko da yake babu mai ganin ta.

"Gwaggo, na sa Melbourne a sama."

Gwaggo ba ta ɗaga murya ba.

"Ya yi miki magana?"

"A'a. Sai da biyar ta buga."

"Ko da hannu bai nuna miki ba?"

"Agogo kawai ya nuna mini."

"Hm. To wa ya gaya miki?"

"Firjin mamansa."

"Kin shiga gidan ke nan." Muryar ta yi kaifi. "Kutsawa kika yi, ko cewa aka yi ki shigo?"

"Cewa aka yi. Sau biyu."

"An ba ki kujera?"

"An ba ni. Har da taliya."

Gwaggo ta ja dogon numfashi. "Kin tsallake maganata, Lesieli. Ba zan manta ba, kuma sai kin zo har Adelaide kin durƙusa. Amma yaron ya riƙe baki sati uku, ni ban zaci zai kai kwana biyu ba. Saura ƙanena."

Gwaggo ta kashe wayar.

Sauran ba su zo da sauƙi ba. Sai da Lesieli ta je Adelaide sau biyu kafin Gwaggo ta yarda ta ci abincin hannunta. Aka yi intabiyu, aka yi jira na wata da watanni, tana wanke tsofaffi tana duba waya. Tegan ba ta sake zuwa laburare ba, kwalbar miya ma ta daina zuwa gidansu. A watan Nuwamba saƙo ya shigo musu rana ɗaya. Melbourne, su biyun.

Lesieli ta karanta, ta ce, "Kai, na gode Allah," ta kwanta a kujerar falo da takalmi a ƙafa, ta yi barcin awa uku.

An ɗaura auren a watan Janairu, ana tsakiyar tsinkar inabi, aka yi walima a gidan Pellegrino. Tun da hantsi Madam Carmela da mijinta suka tsaya a bakin ƙofa. Da Baba Kelepi ya iso da tabarmarsa a ƙugu, ƙafarsa da kanta ta nufi bencin baranda.

"Kelepi!" in ji Madam Carmela. "Ba nan ba. Shigo."

Ya goge takalminsa sau uku kafin ya shiga.

A al'adarmu saman kek ɗin biki na yayar uba ne, ba mai taɓa shi sai ita. Da aka yanka aka kai wa Gwaggo Hulita nata, ta karɓa da hannu biyu, ta miƙe, ta ratsa mutane har kan teburin cin abinci inda aka zaunar da ƙanenta. Ta ajiye a gabansa.

"Yaya, ai naki ne..."

"Ci, Kelepi. A kan tebur."

Renzo ya sunkuyo kusa da kunnen amaryarsa. "Likita, na ƙara doka ta huɗu."

"Ba na son ji. Na gama da dokokinka."

"Gajeruwa ce. In abu ya ɗaure miki, ki tambaye ni."

"Ai tun ranar farko na gaya maka," ta ce, ta jingina da shi, ta zare takalmanta a ƙarƙashin tebur. "Su zauna su yi magana kamar mutane."